Surin da ke Gefen Gonarmu

A gefen gonar audugar babanmu, kan hanyar Tsiga, akwai wani suri da ya fi ni tsawo. Kakata ta hana mu taɓa shi, wai da masu shi a ciki. Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Sauran ni da ƙawata muka ƙaga.

Ƙawar tawa 'yar mahauci ce, katanga ɗaya ta raba gidajenmu. In an kai mu tsinkar auduga, sai mu sulale gindin surin mu yi ta tsara rayuwar dodannin ciki. 'Yan ƙanana ne, ba su wuce kamu ɗaya ba, ga kunnuwa fato-fato. Ita ce gwanar biki. Ta ce sadakinsu ƙwayar dawa ce, amarya kuma a bayan ƙadangare ake kai ta, gwaggonta na gaba tana guɗa. Ni kuwa, uwar iyayi, ni ce mai raba matsayi. Na sa sarki da malamai a ƙololuwa, manoma a tsakiya. Can ƙasa, inda danshi yake, na zuba makaɗa da wanzamai da masu yankan fara.

"Masu yanka ne a ƙasa?" in ji ta.

"To ina za a sa su?" na ce. Wallahi ban san na yi ɓarna ba, abin da nake ji a gida na maimaita.

"In ɗan sama ya ga 'yar ƙasa yana so fa?"

"Sai a toshe hanya."

Na kwaɓa ƙasa da ruwan gorarmu, na liƙe ramin da ke tsakiya. Ta dube ni, ta tashi ta koma tsinkarta.

Da muka girma, yayana ya ce ita yake so. Har bincike aka aika a yi, a gidan da muke jin tarin junanmu! Baba ya ce yarinya ba ta da aibu, sai dai gidan fawa ne, mu kuma ba ma haɗa iri da su. Wannan bai hana shi sayen naman ubanta kowace Juma'a ba.

Yaya ya same ni a madafa.

"Ke Inna take ji. Ki sa baki, ko ta shawo kan Baba. Ƙawarki ce fa."

Na ce to. Ban yi ba. Lokacin wani gidan malamai ne ke nemana, na ji tsoron kada a ce mun haɗa zuri'a da mahauta su janye. Ba wani dalili bayan wannan, kuma har yau ina jin kunyarsa.

Ta auri wani mahauci a Dayi. Yaya ya tafi Funtua, ya daɗe bai taka gida ba.

Bara motarmu ta tsaya a Dayi, na gan ta bakin hanya da jikanta a baya. Muka gaisa, ta tambayi Inna, ta tambayi kowa, ban da Yaya. Da na rasa abin faɗi sai na ce tarakta ta rushe surin nan namu.

"Allah sarki," ta ce. "Yanzu ina na ƙasa za su zauna?"

Na yi dariyar yaƙe. Ita ba ta yi ba.

"Na jira ki a wancan lokacin," ta ce. "Na ɗauka za ki shigo ko da ba ki da abin faɗa. Katanga ɗaya ce fa."

Direba ya danna odar mota yana kirana, na koma ciki.