Minti Goma na Lauya Pyo

Shekara goma sha ɗaya muka yi da Lauya Pyo Man-sik a ofis ɗaya, a saman wani shagon taliya a birnin Daegu. Gajere ne mai yawan tari, kuma bai iya dogon jawabi a gaban alƙali ba. Gwanintarsa a waje take. Kwana uku kafin kowane zama zai kira lauyan ɗaya ɓangaren, ya bar shi ya yi ta zuba har ya gaji, sannan ya ce, "To, cikin duk wannan, wanne ne ba za ku iya bari ba?" Yawancin shari'unsa a nan suke ƙarewa.

Sai ga shari'ar Bang Sun-ae. Aurenta ya mutu, 'yarta Da-on mai shekara takwas tana hannun uban, ya hana ta ganinta. Ana saura sati biyu a zauna, likita ya gano cutar daji a hantar Sun-ae, ya ce da wuya ta kai wata uku. Ta sa Pyo ya yi alkawarin rufe bakinsa. Tsoronta kada uban ya ce yarinya ba ta da abin yi a bakin gadon asibiti.

Lauyar uban, Yeom Hye-rin, ba ta wasa. Sau bakwai Pyo ya kira ta, ba ta ɗaga ba. Ya taka har ofishinta, aka ce ta fita. Daga baya ta aiko da layi ɗaya: "Mu haɗu gaban alƙali." Ya san nufinta. Za ta nemi a binciki gidajen biyu, a ɗage zaman wata uku. Abinci ya daina shigarsa.

Ana gobe zama ya tafi asibiti, ya tsaya a kan Sun-ae.

"Maman Da-on, ki kwance mini baki. Ba ni da wani makami."

"In babanta ya ji, shi ke nan ya samu hujja."

"Zai iya. Amma in na yi shiru, ranar da za su ba mu ba za ki gan ta ba."

Ta juya fuskarta bango. Ta ce, "Faɗa."

Washegari ya tsare matakalar kotu tun ƙarfe takwas. Saura minti goma a shiga Yeom ta iso da sauri.

"Yallaɓai, yanzu kuma farautar mutane kake a matakala?"

"Tsufa ne, ƙanwata, ba na iya bin ki da gudu."

Ya miƙa mata takardar likita. "Na janye komai. Ba ma neman yarinyar ta kwana wurin uwar, ba ma neman ta yi hutun makaranta a can. Awa ɗaya ranar Asabar, uban na tsaye a wurin in ya so."

Ta karanta sau biyu. "Ka san zan iya shiga da wannan in gama da ku?"

"Na sani."

Sai ya sunkuya mata, sunkuyon da ban taɓa ganin ya yi wa alƙali ba, ya ƙi ɗagowa. Mutane suna ratse su suna kallo.

"Don Allah tashi, kana ba ni kunya," in ji ta. Ta koma gefe ta kira uban a waya. Muna jiyo ta tana cewa, "Saurare ni. Wata rana yarinyar nan za ta tambaye ka."

Uban ya ƙi awa ɗaya, ya yarda da rabin awa. Alƙali ya rubuta haka cikin minti huɗu. Da muka fito Pyo ya zube kan benci.

Asabar biyar Sun-ae ta samu da 'yarta kafin ta rasu. A ta uku uban ya daina duba agogo. Pyo bai je jana'izar ba, yana da zaman kotu a garin Pohang ranar.