Ɗan Mudir da Bai Iya Cin Kowa Ba Sai Mu

Ranar Juma'ar da ta biyo bayan Ƙaramar Sallah, a shekarar da na cika goma sha huɗu, ina tsaron baya a filin ƙwallonmu na unguwar Jadid, ƙafa ba takalmi, yashi na gasa mini sawu, sai ga Mansur ya taho. Gudu yake kamar wanda ya ɗauko tulu cike da ruwa, tumbi a gaba, yana haki, ƙwallon ma ta yi masa nisa. Ko akuyar Inna aka tsayar a wurin sai ta ƙwace ta. Ni kuwa na karkata gefe, na miƙa ƙafa inda na san babu komai, ya wuce. Habu, golanmu, ya zube hagu tun kafin a buga, ƙwallo ta gangara dama a hankali ta shige. 'Yan kwalejinsu suka ɓarke da ihu, suka cicciɓe shi da ƙyar, shi kuma yana ɗaga hannu yana waiwayen farar motar ubansa da ke fake a bakin fili.

Lokacin kuɗin mai ne. Sabha, garin Larabawan da muke zaune can ƙetaren hamada, ta zama wajen gini, duk inda ka juya siminti ne da rodi da ƙarar injin. Baba ya kwaso mu daga Damagaram bayan fari ya cinye mana dabbobi, muka samu ɗaki biyu a wani gida da muka haɗa da mutanen Kano da na Maraɗi. Kullum da sassafe yakan tsaya a bakin titi tare da sauran leburori, kamyo, wato babbar motar kaya, ta zo ta kwashe su. Mai kamyon shi ne uban Mansur, ɗan kwangila, wanda kowa ke kira mudir, wato shugaba. A hannunsa iƙamar Baba take, wato takardar zama, wadda in babu ita 'yan sanda za su loda ka a mota su kai ka kan iyaka. Kusan duk yaran ƙungiyarmu haka iyayensu suke.

Mu yara aikinmu sananne ne. In an tashi makaranta na ɗebo wa Inna ruwa a famfon unguwa, na kai wa Baba tuwo wurin gini, na bi kasuwa ina tsintar ƙwallon dabino da za a jiƙa wa awaki. Sai la'asar ta yi sanyi mu ruga fili. Da ƙwallon tsumma muka fara, har ranar da mudir ya aiko mana da ƙwallon fata sabuwa fil, da bututun ƙarfe aka kafa mana raga. Iyayenmu suka yi ta sa masa albarka. Ashe wurin da ɗansa zai riƙa ci ya saya masa, mu ne kayan da aka haɗa a cikin cinikin.

Duk tsawon zamansa a kwaleji, Mansur bai taɓa fuskantarmu ya fita hannu rabbana ba. In bai zura uku ba, to ya zura huɗu. In kuwa suka je Tamanhint wajen 'ya'yan sojoji, ko yaran gonakin Ghuddwa suka shigo gari, sai ka rantse ba ya filin. Su ba ruwansu da ɗan wane ne, kafaɗa ɗaya za su sa masa ya ci ƙasa, ya tashi yana kakkaɓe wando yana zagin takalminsa. Amma wannan bai taɓa sa shi ya tambayi kansa komai ba. Kansa ya kumbura, ya riƙa shiga kasuwa da rigar wasa yana cewa, "Yaran Jadid in sun gan ni jikinsu rawa yake." Gaskiya ya faɗa, sai dai ba shi muke tsoro ba. Na raina shi raini mai tsanani, na raina malamansa da suka san komai suna tafa masa, wani lokacin har kaina nake rainawa in na ga ƙafata tana kauce wa ƙwallon da take tata.

Baba ne ya kafa mini dokar, yana wanke siminti daga hannunsa a tsakar gida. "Isuhu, kada ƙafarka ta taɓa tasa. Zamanmu a garin nan a aljihun ubansa yake." Haka aka gaya wa Habu, haka aka gaya wa kowa. Har muka ƙware a kauce masa yadda ba za a gane ba: wani ya yi kamar ya zame, wani ya makara da gangan. In muna wasa mu kaɗai kuwa, ba mai wuce ni, manya ma sun shaida.

A shekararsa ta ƙarshe a kwaleji aka ce wani mai neman 'yan wasa zai zo daga babban birni ya gan shi. Wa za a kira in ba mu ba? Aka share fili, aka jera kujeru, mudir ya zauna kusa da baƙonsa. Ana cikin wasa Mansur ya nufo ni, na matsa masa kamar kullum, fili fetal a gabansa. Sai gogan ya taka ƙwallon da kansa, ƙafa ta harɗe, ya kife rub da ciki. Tsakanina da shi jaki zai wuce da kaya. Baƙon ya kasa riƙe dariya, ya rufe baki da hannu. Mansur ya ɗago fuska duk yashi, ya duba dama da hagu, ya nuna ni da yatsa yana ihu wai na kwashe masa ƙafa. Alƙalin wasan, malaminsu ne, ya busa usur ya kore ni. Baƙon bai jira an tashi ba.

Washegari na raka Baba bakin titi riƙe da shebur ɗinsa. Kamyo ta tsaya, direba ya kira sunaye, mutane suka hau, ba a kira Baba ba. Waɗanda suka ga abin da ya faru a fili da idonsu suka sunkuyar da kai, mota ta tashi. Ban ga laifinsu ba, su ma iƙamarsu a aljihun nan take. Muka daɗe a tsaye. Ina jiran faɗa, sai Baba ya karɓi shebur ɗinsa ya ce a hankali, "Da na san haka za ta ƙare, da na ce ka tare shi tun ranar farko." Ba a sabunta takardar ba. Kafin kakar dabino ta wuce muna bayan mota, mun nufi gida, Inna ta sayar da awakinta.

Yanzu jikokina sukan nuna mini a waya ɗan wasan da aka ce ya addabi ƙungiya ɗaya duk rayuwarsa, suna ta kuranta shi. Ni dai abin da nake so in sani shi ne wa iyayen 'yan waccan ƙungiyar suke yi wa aiki. Yaran unguwarmu kuwa da yamma suna tare juna da dukan ƙarfinsu, ɗan attajiri ya faɗi ya tashi a ci gaba, ba mai waiwayen bakin fili. Nakan tsaya in kalle su har a kira magariba, ina kewar yashin Jadid duk da abin da aka yi mana a kansa. Har na tsufa ban san iyakar abin da ƙafata za ta iya ba.