Kazar da na kiwata wa mai jego

A shekarun da zan ba ku labarinsu, ni mace ce da ba a ja da ni a gidana. Muna zaune a wani ƙauye a ƙasar Sandamu, Malam maigidana manomi ne, ni kuma ina ƙuli-ƙuli ina kiwon kaji. Ban taɓa taka ƙofar aji ba a lokacin, sai da na yi jikoki sannan na shiga yaƙi da jahilci, shi ya sa yau nake rubuto muku da hannuna. Amma baki kam Allah ya ba ni. In na ce abu fari ne, ko da baƙi ne ƙirin, kowa a gidan zai amsa fari ne don a zauna lafiya. Ni kuwa ina ɗaukar wannan a matsayin iya riƙon gida.

A shekarar ɗiyata ta fari ta dawo gida goyon ciki, kamar yadda ake yi a haihuwar fari. Tun ranar da na gane tana da ciki na ware wata kaza wake-wake a cikin kajina, na ce wannan ta mai jego ce. Tsaki nake ba ta ita kaɗai, in tafi bayan gari in haƙo mata gara. Ta yi ƙiba har tafiya take tana rangaji. Yarinyar ta sauka lafiya, aka samu ɗa namiji, aka yi suna, aka ci naman rago har ya ƙare. Ban taɓa kazar ba. Ina ajiye ta ne sai wanka ya yi nisa, lokacin da kunun kanwa zai gundure ta, bakinta ya fara neman ɗanɗano.

Ana cikin haka ruwan shuka ya sauka. Malam ya zauna a zaure yana cakuɗa irin gero da wannan jan garin magani da ake sayowa a kasuwa don kada tsuntsaye da ɓeraye su tone shuka. Ya leƙo ya ce in kulle kajin nan yau, kada su fito. Na ce masa kajina sun fi abokan hirarsa hankali, ya ji da gonarsa. Duk da haka na kora su akurki na rufe. Ita wake-waken ce kaɗai na bari a waje, don na ga tana haki, na ce zafin akurki zai rage mata ƙiba.

Washegari da safe na same ta a gindin turmi, ta saki fukafukai, wuyanta ya lanƙwashe. Wani ruwa mai yauƙi yana zuba daga bakinta, ƙafafunta suna karkarwa kamar mai jin sanyi. Da na ɗaga ta, sai na ji jikinta ya yi laɓo-laɓo a hannuna. Na ce a raina sanyin ruwan farko ne ya kama ta. Na shimfiɗa tsumma kusa da murhu na kwantar da ita, na kifa mata kwando. Na jiƙa ɓawon maɗaci na buɗe bakinta ina ɗura mata kaɗan-kaɗan da cokali. Da hantsi na fasa ƙwayar maganin nan ja da rawaya na kaɗa a ruwa na ƙara mata. Na shafa mata man gyaɗa a zankonta da ƙafafunta, ina mata magana kamar mutum, ina cewa ta tashi, ba yanzu ba. Ɗiyata tana daga ɗaki tana min dariya, wai Inna ta samu mai jego ta biyu, saura a ɗora mata ruwan wanka.

Da na fita sharar zaure, na ga 'yan tsuntsayen nan jajaye, baiwar Allah, a kwance a bakin ƙofa, ƙafafu a sama. Ba ɗaya ba ne. Akwai kuma ƙadangare a gefe, ya sandare. Na tsaya ina kallonsu, tsintsiya a hannuna. Sai na share su tare da ƙura na watsa bayan katanga, ban faɗa wa kowa ba.

Tsohuwar ungozomar da ke yi wa yarinyar wanka ta zo ta ɗaga kwandon ta leƙa. Ta ce 'yar nan, wannan ba ta tashi ba ce, in kika tsaya jinya za ki wayi gari da mushe, gara a sa mata wuƙa tun tana motsi. Ta ƙara da cewa su a zamaninsu ba a taɓa barin kaza mai ƙiba irin wannan ta mutu a banza ba, wuta da yaji suna kashe kowace cuta. Ba na ɗora mata laifi. Abin da ta taso ta gani ta faɗa, kuma ba ta ga abin da na share a zaure ba.

Malam ya dawo daga gona da azahar, na tare shi da wuƙa da kazar. Ya juya ta, ya dubi bakinta. Sannan ya ce jiya iri ya ɗan zube masa a zaure, ya kwashe amma bai tabbata ya kwashe duka ba, shi dai a ganinsa a bar ta, in ta mutu a haƙa rami a binne. Nan na taso masa. Na ce ba shi ya bi rana yana haƙo gara ba. Na ce tunda yarinyar nan ta haihu ko kan kifi bai shigo da shi ba, yanzu kuma zai hana ta cin abin da uwarta ta tanadar mata. Na ce in tsoron jini yake ji ya ba ni wuri in kira maƙwabci. Ya dube ni, ya ce Allah ya kyauta, ya karɓi wuƙar ya yanka ta. Jinin da ya fito ɗan kaɗan ne, baƙi-baƙi, ko fisge-fisgen da kaza ke yi bayan yanka ba ta yi ba.

Ina fiɗa na tsaga jakar nan ta wuyanta inda tsaba ke taruwa. Cike take dam da gero, kuma geron ja ne. Wani wari ya bugi hancina, irin warin hannun Malam na jiya. Ni kaɗai ce a wurin. Na ce wa kaina ai dawa ja ce ta tsinta a maƙwabta, alhali na san ƙwayar dawa na san ƙwayar gero tun ina yarinya. Na cire jakar da hanjin na jefa bayan banɗaki, na wanke naman har ruwa ya fita fes, na ce ai na fitar da inda abin yake. Na yi farfesu da citta da kanumfari da masoro. Hantar da ƙundun na tsamo na sa a saman kwanon yarinyar, don an ce hanta tana mayar wa mai jego da jini. Ta ce Inna ki ɗauki ko cinya ɗaya mana. Na ce ban dafa don kaina ba, ta cinye. Ina tsaye a kanta har ta shanye romon.

Bayan la'asar hadari ya haɗu a gabas, gari ya yi duhu-duhu, iska ta tsaya cak. Na zaga bayan banɗaki kwashe shanya, sai na tarar da kyanwar gidan tana birgima a ƙasa, kumfa a bakinta, hanjin nan a gabanta ta ci rabi. Ban san lokacin da na saki kayan ba. Na shiga ɗakin mai jego na same ta zaune da jariri a cinya, gumi yana tsiyaya a fuskarta kamar an watsa mata ruwa. Ta ce Inna cikina yana murɗawa, kuma ban ganin ki sosai. Na karɓe yaron kafin ya suɓuce mata. Sai amai, sai yawu yana zuba ba ta iya haɗiyewa, naman hannunta yana tsalle shi kaɗai. Daidai yadda na ga kazar da safe, haka na ga ɗiyata.

Mata suka cika gidan. Wata ta ce iska ce ta taɓa ta a wurin wanka, a kawo hayaƙi. Wata ta ce a ɗura mata manja. A nan ne na buɗe baki a gaban kowa na ce ba iska ba ce, ni ce, kazar ta ci irin shuka na kuma gani da idona. Malam ya fita ya nemo mai mota, ya ɗauko ledar maganin shukar ya cusa a aljihu. Muka kama hanyar Daura ruwa yana dukan motar, kanta a cinyata, tana kakari kamar an shaƙe ta. Ina kiran sunanta ba ta amsawa. Duk addu'ar da na iya ta gudu daga kaina, Innalillahi kawai nake maimaitawa.

A asibiti Malam ya miƙa ledar, suka duba, suka rufu a kanta da allurai da ƙarin ruwa. Wata ma'aikaciya ta tambaye ni me ta ci, na faɗa mata komai. Ta ce da an ɗura mata manjan nan ya sarƙe ta, da wani labarin ake yi. Allah ya yi da sauran kwananta, ta farfaɗo. Sai dai sun hana ta shayarwa har maganin ya fita daga jikinta, kuma kafin a sallame ta nonon ya janye, bai dawo yadda yake ba. Wata maƙwabciyarmu mai goyo ce ta shayar da jikana. Yaron yana kuka a ƙetaren katanga, uwarsa tana kuka a nan gida, ni ina ɗaukarsa ina kai shi ina dawowa da shi, ba na iya haɗa ido da kowa.

Ba a jira arba'in ba, uwar mijinta ta zo ta tafi da ita. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Cewa kawai ta yi sun gode da ɗawainiya, za su ƙarasa wankan a can. Ɗiyata ta ƙara haihuwa bayan nan, ba sau ɗaya ba, kuma ba a sake kawo min ita ba, ba a ma kira ni in kula da jegonta ba. Ni sai dai in je barka kamar baƙuwa, a shimfiɗa min tabarma a tsakar gida. Ita kuwa har yau ba ta taɓa tayar min da maganar ba. Tana zuwa ta gaishe ni, ta yi min wanki, ta taje min kai. Amma in na dafa nama na ajiye mata, sai ta ce Inna na ƙoshi, na ci a gida.

'Yan uwana mata masu kiwo, ban rubuto don a tausaya min ba. Jinyar kaza ba laifi ba ce, ku ware ta, ku ba ta ruwa da inuwa, ku nemi malamin dabbobi. Amma kazar da ta kwana lafiya ta tashi tana zubar da yawu, musamman a kwanakin shuka, ba ta tukunya ba ce. Wuƙa tana hana ta zama mushe ne kawai, ba ta cire abin da ta ci, wuta da yaji ma ba sa cirewa. Ku binne ta da zurfi inda kare da kyanwa ba za su tono ba. Kuma in kin san ke ce mai bakin da kowa ke tsoro a gidanki, ki ji tsoron ranar da za ki yi kuskure, domin ranar ma ba za su musa miki ba. An gaya min, na kuma gani da idona, na rufe bakin kowa, sannan na zuba a kwano na miƙa wa ɗiyata da hannuna.