Ranar da Na Toshe Rariyar Gidanmu

Wata Laraba ce a tsakiyar damina, shekarar da na yi sallama da firamare ina aji uku, ko in ce ita ta yi sallama da ni. Baba yana gona, Inna ta tafi gidan suna, hadari ya haɗo daga gabas baƙi ƙirin. Ni kuwa an hana ni zuwa kududdufin bayan garinmu, Ƙafin Maiyaki, tun ranar da na dawo daga wanka ba wando. Sai na ce to, tunda ba zan je ba, shi ya zo. Na kwaɓa laka, na haɗa da tsumma da fasasshen kasko, na toshe rariyar da ruwan tsakar gida ke fita ta gindin katanga. Na danne ta da dunduniya sosai, don ni ko a ɓarna ba na ha'inci.

Ruwa ya sauko, indararo uku suna kwarara. Nan da nan tsakar gida ta zama tafki. Ina ta iyo tsakanin turmi da murhu, ƙoren Inna suna yawo a bayana, kaji sun ɗare danga suna kallon ikon Allah. Ban farga ba sai da ruwa ya rufe duwatsun da aka ɗora rumbu a kai, ya fara lasar gindinsa. Rumbun ƙasa ne, in ya jiƙa zama zai yi, kuma dawar da za ta kai mu kaka duk tana ciki. Ana haka Baba ya shigo jagab, fartanya a kafaɗa. Bai ko dube ni ba. Ya nufi rariya, sara biyu, ruwa ya yi waje. Rumbu ya tsira da 'yar zaizaya.

Na gama shirin shan bulala, sai ya kama kunnena kawai ya ce, "Zo ka ga inda baƙon da ka tsare yake son zuwa." Muka bi ruwan lungu-lungu, ta hanyar da kowane magidanci kan share nasa ɓangaren kafin damina, har ya faɗa kududdufi. "Nan aka haƙi ƙasar da aka gina garin nan," in ji Baba. "Mun ɗauki ƙasa, mun bar wa ruwa ramin. Gidansa ne."

Bayan na yi furfurar fari, gari ya buɗe. Wani mai hali ya zo da takarda mai hatimin hukuma, kududdufi ya zama nasa. Aka nemi masu shebur, kuma wa kuke tsammani ke kan gaba? Tifa tana juye ƙasa, muna bajewa. Shaguna suka tashi reras, ba kwata, ba kwalbati. Wanda ya sa hannu bai zo ya ga inda ruwa ke bi ba, mai ginin bai tambaya ba, ni da na sani na ja bakina.

Yanzu duk damina ruwa kan shiga shagunan da gidajen maƙwabta. Masu gini su ce hukuma ce, hukuma ta ce masu gini ne. In ana wannan musu a majalisa, nakan duƙufa gyaran hulata. Alhamdulillahi, ina da lafiya, ina da jikoki, kuma kafin ruwan fari ni ke fara fita share lungunmu. Rariyar gida dai Baba ya buɗe ta da sara biyu. Ta gari, wadda na taya toshewa, har yau ina duban hanya ko mai fartanya zai shigo.