Ragon Baba da makunnin sola

Jama'a, yau rago ne ya ɗauke mana wuta.

Jiya mai sola ya zo daga Dutsin-Ma ya kafa mana makunnin yanke wuta a gareji, mai dogon mariƙi. Garejin da ba mota, sai buhunan dawa.

Yau ana ƙwalla rana, wuta ta ɗauke ɗif. Ƙanƙarar da Hajiya ke sayarwa ta fara narkewa. Baba ya kira mutumin ya wanke shi tas: "Aikin banza ka yi mana!"

Bawan Allah ya hawo babur har Kurfi. Muna buɗe gareji sai ga ragon Baba ɗaure a mariƙin, ya fizgo shi ƙasa.

Mai sola ya ce, "Alhaji, wa ya ɗaure shi nan?"

Baba ko kunya babu, ya ce, "Ni ne. Ai ba ka ce ba turke ba ne."