Na Takwas a Kwalekwale

Gidan da na taso a unguwar Port Richmond, can ƙasar Turawa, yana kallon ruwa. Daga tagar kicin ana hango manyan jirage suna tafiya a hankali kamar amare, ƙananan jirage na jan su. A ɗaya daga cikin ƙananan nan Baba yake aiki, sai ya yi mako biyu bai kwana gida ba.

Kaka, mahaifiyarsa, ta zo daga Ghana, sanyin garin nan bai taɓa yi mata daɗi ba. Da an idar da magariba sai ta kunna murhun gas, ta ja kujera gaban shuɗiyar wutar, ni da yayata Zainabu mu zauna a ƙafafunta. Wata rana ta ce, "Ku matso. Tatsuniyar yau ba ta dariya ba ce."

A wani ƙauyen masunta na ƙasar Fante, a bakin tekun Ghana, in ji ta, an yi wata Bahaushiya, Ladidi, matar masunci. Matan ƙauyen ba sa sauke tukunya sai sun ƙirga mazan da suka sauko daga kwalekwale, domin wani lokaci bakwai ke fita, takwas su dawo. Na takwas ɗin wanda teku ya daɗe da cinyewa ne. In bai ci komai ba, shi kaɗai zai koma. In ya ci abincin gidanki, da mijinki zai tafi.

"Ita kuwa Ladidi ƴar zango ce, unguwar Hausawa," in ji Kaka. "A gidansu abin kunya ne a ƙirga baƙi a kan abinci. Ranar da takwas suka sauko, ta zuba wa kowa."

"Ba ta gane shi ba?" Zainabu ta tambaya.

"Ta dai ga rigar kowa ta bushe ban da tasa. Yana ci, ruwa na ɗiga daga gwiwar hannunsa. Ya yi mata godiya mai kyau." Kaka ta rage wutar. "Kashegari shida suka dawo, babu mijinta."

Shekarata tara. Wata Asabar da la'asar, ana tsuga ruwan sama, Baba ya shigo da wani dogon mutum marar magana. "Abokin aikina ne, bas ta wuce shi," ya ce. Baba ya canza kaya, shi kuwa baƙon ya zauna da jiƙaƙƙiyar rigarsa, ruwa na taruwa ƙarƙashin kujerarsa. Kaka ta miƙo mini tuwo in kai masa. Na wuce da kwanon ɗakinmu, na tura shi ƙarƙashin gado.

"Hadiza, ina tuwon baƙo?" Baba ya kira.

Na amsa da Turanci cewa ba zan kawo ba. Kaka ta dube ni, ta dubi ruwan da ke ƙasa, ta daɗe tana dubansa. Sai ta tashi, ta ɗauki nata kwanon, ta ajiye a gaban mutumin da hannu biyu. Ya cinye tas, ya yi godiya.

Ranar Litinin Baba ya koma jirgi. Mako biyun nan ban san ɗanɗanon abinci ba. Ko ƙaho jirgi ya busa sai gabana ya faɗi. Ranar da na ji makullinsa a ƙofa, na ƙanƙame shi ina shaƙar warin man inji a rigarsa, ina kuka, shi yana dariya bai san dalili ba.

Da yamma na ce, "Kaka, ashe ƙarya ce tatsuniyar."

"Wa ya ce miki? Ni ma cikina ya ɗuri ruwa. Ɗana ne fa." Ta gyara mayafinta. "Amma mutum ya shigo mini gida da yunwa."

Na daɗe ina ɗaukar Ladidi sakarai. Sai da na girma, na so mutum har nake tsoron rasa shi, sannan na fara tunanin ko ta gane baƙon nan sarai, ta tsaya da marar tuwo a hannu, ta kasa hana shi. Kaka ta rasu ban tambaye ta ba. Ni dai na san azumin nafila ta yi ta yi a makonni biyun nan, ba ta kuma gaya wa kowa na mene ne ba.