Ramukan Ruwa a Yashin Rafi

Har gobe ban manta da ranar da aka tura mu duba filin wata masana'antar shinkafa a wani ƙauye da ke bayan Maska ba. Lokacin ina mataki na takwas na aikin gwamnati, a sashen kula da muhalli. Ni ce ƙarama a tawagar, kuma ni kaɗai ce mace.

Ga waɗanda ba su san aikinmu ba, doka ta ce duk mai son kafa babban aiki, masana'anta ce ko dam ko hanya, sai ya ɗauko ƙwararru sun bincika abin da aikin zai yi wa ƙasa da ruwa da mutanen wurin. Su rubuta rahoto, a ajiye shi inda jama'a za su gani har kwana ashirin da ɗaya na aiki, mai ƙorafi ya kawo. Daga nan mu je mu gani da ido, sannan kwamiti ya zauna ya yanke ko a ba da izini ko a sake lale.

Mai masana'antar, Alhaji Sule, bai tsallake ko ɗaya ba. Rahotonsa ya cika kwanakinsa, babu wanda ya ce uffan. A cikinsa an rubuta cewa ruwan da aka jiƙa shinkafa da shi za a sako shi ta bututu zuwa rafin da ke gabas da filin, domin rafin yana ƙafewa da rani, babu mai amfani da shi.

Da hantsi muka isa, ana tsakiyar rani. Aka yi taro a ƙofar gidan mai gari, maza zalla. Kowa ya yi na'am. Manoma sun gaji da jigilar shinkafa zuwa injin casa a Funtua, matasa kuma suna ɗokin aiki. Shugaban tawagarmu, Malam Lawal, mataimakin darakta, har ya rufe littafinsa.

Da azahar na shiga cikin gida yin salla. Yayar mai gari, wata dattijuwa da ake kira Gwaggo Asabe, ta miƙo mini ruwa a kwanon sha. Na sha, na ji sanyi, na ce, "Gwaggo, na rijiya ne?"

"Wace rijiya? Namu sun daɗe da ƙafewa. Na rafi ne."

"Ai an ce mana rafin ya ƙafe."

Ta yi dariya. "Samansa ne ya ƙafe, 'yar nan. Idar da sallarki mu je."

Muka gangara. Daga nesa yashi ne fari fat. Sai da muka shiga tsakiya na ga ramuka a jere, an rufe kowanne da ƙaya. Ta janye ƙayar ɗaya, sai ga ruwa garau a ƙasa. Shi ake sha, da shi ake girki. Can gaba kuma akwai manyan ramuka inda makiyaya ke shayar da shanu. Bututun da aka zana daidai saman wurin zai zuba.

Na ce, "Masu binciken ba su ga wannan ba?"

"Mun hango su da rana tsaka suna aune-aune a bakin gaɓa. Mu da sassafe muke ɗiba. Ba wanda ya tambaye mu."

Na koma na sami Malam Lawal a gefe, na faɗa masa. Ya ce, "Malama Rabi, kin san wannan magana za ta mayar da aikin baya da watanni? Mutanen garin da bakinsu suka ce suna so."

"Na sani, yallaɓai. Amma ruwan na sha shi da kaina."

Ya bi ni har rafin, ya durƙusa ya leƙa ramin, ya daɗe. Sannan ya ce, "Rubuta yadda kika gani. Zan sa hannu."

Kwamiti ya mayar da rahoton. Alhaji Sule ya zo ofis ransa a ɓace. "Na ɗauko ƙwararru, na bi doka, na tara gari. In akwai magana, me ya hana matan su faɗa a taro?"

Na ce, "Alhaji, ba a gayyace su ba."

Ya dube ni, ya ɗauki hularsa ya fita.

Abin bai zo da sauƙi ba. Kakar shekarar ta wuce ba a kunna inji ba. Da muka koma ƙauyen, mai gari da ƙyar ya amsa gaisuwata, wasu matasa kuma suka juya baya. Na ji zafin haka, don ba su yi ƙarya ba, aikin suke bukata. Amma an sake bincike, an yi zama da mata a cikin gida, an janye bututun daga rafin, aka gina tafkunan tace ruwa a yammacin filin. Sai a lokacin aka ba da izini. Masana'antar tana nan tana aiki.

Shi ya sa nake ce wa sababbin ma'aikata, shirun kwana ashirin da ɗaya ba ya nufin kowa ya yarda. Mai ɗibar ruwa da ƙoƙo ba za ta je sakatariyar da ake ajiye rahoto ta karanta Turanci ba. In kun je taro, ku lura da waɗanda suka zo, sannan ku tashi ku nemi waɗanda ba su zo ba.